Ƙaiƙayi Koma Kan Masheƙiya

Duk wanda ya taɓa zama gaban kwamfuta ya buga irin wasannin nan na duniyar tatsuniya, inda ake yaƙar dodanni da takobi da sihiri, ya san makamai iri biyu ne. Akwai kibiya, wadda ake saita wa mutum ɗaya, ta same shi ko ta kuskure. Akwai kuma wuta, wadda ake jefa wa wuri, ta cinye duk abin da ta tarar a wurin. Sabon ɗan wasa yakan fi son wutar, domin tana zubar da abokan gaba goma a jifa ɗaya. Ba ya daɗewa yake gane cewa a makonsa na farko babu wanda wutar nan ta fi kashewa kamar shi kansa.

Kada kalmar sihiri ta ɗaga wa mai karatu hankali. A waɗannan wasanni suna ne kawai da aka laƙaba wa lissafi: kaza ya kai nisa kaza, ya rage wa wanda ya taɓa maki kaza. Nakan buga su da dare bayan na miƙa rahotona na ranar, kuma na daɗe ina ganin cewa dokar nan ta wuta tana bayyana wani abu da nake gani da idona duk damina a gonakin Tambuwal da Kebbe.

Abin da ɗan wasa yake koya

Dokar ta girmi irin waɗannan wasanni na kwamfuta. A 1974 wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar da Dungeons & Dragons, wasan da ake yi a kan tebur da takarda da ƙwayoyi irin na lido. Makamin mai sihiri da ya fi shahara a cikinsa shi ne dunƙulen wuta. A dokokin da ake bi yanzu, dunƙulen yana fashewa ya mamaye ƙafa 20 ta kowace fuska daga inda ya faɗi, kimanin mita 6 ke nan, sannan a jefa ƙwayoyi takwas a haɗa makinsu domin a san girman ɓarnar. Maƙiyi da aboki da wanda ya yi jifan duk hukuncinsu ɗaya idan suna cikin da'irar. A tsofaffin dokokin abin ya fi haka tsanani. Idan aka jefa dunƙulen a matsatsen lungu, wutar ba ta da inda za ta buɗe, sai ta bi lungun ta cika shi gwargwadon girmanta, har ta dawo ta iske mai ita.

Wasan Magicka, wanda kamfanin Arrowhead na ƙasar Suwidin ya fitar a 2011, ya ƙara wani abu. A cikinsa yanayin jikinka ma yana shiga lissafi. Idan ka ratsa ruwa jikinka ya jiƙe, sannan ka ɗauko tsawa za ka jefa, kai za ta fara bugawa. Dole ka tsaya ka busar da jikinka tukuna. Shi kuwa Baldur's Gate 3, na kamfanin Larian da ke Beljiyam, wanda ya fito a 2023, yana zana maka da'irar a ƙasa kafin ka saki wutar, ka ga duk wanda ke ciki.

Bayan an ƙone sau da yawa, ɗan wasa yakan saba da yi wa kansa tambayoyi kafin kowane jifa. Ina nake tsaye? Wurin nan buɗaɗɗe ne ko rufaffe? Jikina a wane hali yake? Wa kuma ke cikin da'irar ban da wanda nake nufi? Idan ya ƙware sosai sai ya ƙara ta biyar, wadda ta fi sauran amfani: shin wannan faɗan ma yana buƙatar wuta?

Hausawa sun riga masu ƙera wasanni sanin wannan. Matar da ke shiƙar hatsi a bakin masussuka ba ta ɗaga ƙwarya sai ta duba inda iska ta nufa, domin ƙaiƙayi ba ya tambayar wa ya sake shi. Daga nan aka samo karin maganar da na sa wa wannan rubutu suna. Mun mayar da ita maganar mugunta da sakayya, amma tushenta ilimin tsayuwa ne a gaban iska.

Wutar da ake goyawa a baya

Ni ɗan ƙasar Tambuwal ne, dangin mahaifiyata kuma suna Kebbe. Lokacin da muke yara, noman fari da maimai aikin hauya ne da gayya da 'yan ƙwadago. Yanzu idan ka bi hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Dogon Daji da Tambuwal ta nufi Jega a watan Yuni ko Yuli, abin da za ka fi gani a gonakin gero da dawa da masara shi ne saurayi goye da famfon feshi mai cin lita 16 ko 20, hannu ɗaya yana buga famfo, ɗayan yana riƙe da sandar feshi. Haka abin yake a fadamun shinkafa da albasa da ke bin Gulbin Zamfara ta ɓangaren Kebbe, damina da rani. Ba na zargin manomi. Kuɗin ƙwadago ya yi tsada, ciyawa ba ta jiran kowa, kuma abin da mutum goma za su yini suna nomewa, famfo ɗaya yana gamawa kafin azahar.

Feshi ya zama sana'a. Akwai samarin da ba su da gonar kansu, famfo ne jarinsu, ana biyansu a kan kowane cikon tanki. Ɗan kawuna yana cikinsu. Na taɓa tarar da shi a gona yana dama magani, ba safar hannu, ba takalmi, rigarsa ta manne da bayansa saboda gumi da ruwan da ke ɗiga daga murfin tanki. Da bakin famfon ya toshe sai ya kwance shi ya sa a baki ya hura. Na ce masa, “Kai, ka san abin da kake sa wa bakinka kuwa?” Ya yi dariya ya ce, “Yaya, ai maganin ga haki shika ci, ba mutum ba. Mun saba.” Na tuna masa cewa sabo da kaza ba ya hana a yanka ta.

Amsarsa ita ce ainihin matsalar. Yana ɗaukar abin da ke bayansa tamkar kibiya da aka rubuta wa sunan ciyawa. Alhali wuta ce mai da'ira, shi kuma yana tsakiyarta tun safe har rana ta take.

Wanda ya fara ƙonewa

Da yawa daga magungunan ƙwari da ake sayarwa a kasuwanninmu 'yan gida ɗaya ne, gidan da masana ke kira oganofosfet. Mutumin da ya buɗe ƙofar wannan gida Bajamushe ne, Gerhard Schrader, masanin haɗa sinadarai a kamfanin IG Farben. Yana neman maganin ƙwari ne a watan Disamba na 1936 ya haɗa wani sinadari da daga baya aka sa wa suna tabun. A farkon 1937 ɗan kaɗan ya zuba a ɗakin gwaji. Ƙwayar idon Schrader da ta mataimakinsa suka tsuke, jiri ya kama su, numfashi ya yi musu wuya, sai da suka yi makonni kafin su warware. Sojojin Jamus suka karɓe sinadarin suka mayar da shi makamin yaƙi. Daga wannan layin bincike ne aka samu sarin, daga nan kuma aka samu magungunan gona masu sauƙin dafi da muke amfani da su.

Yadda suke aiki yana da sauƙin fahimta. Jijiya tana aika wa tsoka saƙo ta motsa, sannan wani sinadari na jiki ya zo ya goge saƙon domin tsokar ta huta. Oganofosfet yana ɗaure wannan mai gogewa. Saƙo sai ya yi ta taruwa, tsoka ta yi ta karkarwa, yawu da gumi da hawaye su ɓalle, ƙirji ya cika da majina. Ƙwaro yana da wannan tsari a jikinsa, mutum ma yana da shi. Girman jiki da yawan abin da ya shiga suna cikin abubuwan da ke kawo bambanci. Ciwon kan da mai feshi yake dawowa da shi da yamma, da tashin zuciya da ganin dishi-dishi, wanda ake cewa rana ce ta buge shi ko zazzaɓin sauro ne, sau da yawa ƙaramin kashi ne na abin da ya kashe ƙwaron.

Maganin ciyawa yana da nasa salon. Parakwat, mai ƙone ganye cikin kwana ɗaya ko biyu, yana cin fata idan ya daɗe a kanta, yana lalata farce, yana raunata ido, idan kuma ya shiga ciki huhu yake nema, kuma har yau ba shi da makari. Tarayyar Turai ta daina amincewa da shi tun 2007. Hukumar NAFDAC ta sanar da cewa haramcinsa a Najeriya ya fara daga 1 ga Janairu 2024. Sanarwar hukuma daban, abin da ke kan teburin mai shago a kasuwar ƙauye daban, saboda haka wanda ke saye ya karanta jikin jarka da kansa.

Jiƙaƙƙen jiki da iska

Mutane sun fi tsoron shaƙa, shi ya sa za ka ga mai feshi ya naɗe hanci da rawani ya ce ya kare kansa. Amma ga mai goyon famfo, fata ce babbar ƙofa. A 1971 likitan fata Howard Maibach da abokan aikinsa a Amurka suka auna yadda sassan jiki ke tsotsar maganin ƙwari. Suka ga goshi yana tsotsar kusan ninki huɗu na abin da damtsen hannu ke tsotsa, al'aurar namiji kuwa fiye da ninki goma. Yanzu ka tuna da tankin da ke ɗiga a bayan saurayi. Ruwan yana bin gadon baya ya gangara cikin wando, ya zauna a wurin da ya fi ko'ina tsotsa, na tsawon sa'o'i. Ka tuna kuma da hannun da ke share gumin goshi. Zafi yana buɗe hanyoyin jini na fata, gumi yana riƙe maganin a jiki. Wannan ita ce dokar Magicka a zahiri: jiƙaƙƙen jiki shi tsawa ke fara bugawa. Rawanin da aka naɗe hanci da shi ma, idan ya jiƙe da feshi, ya zama tsumman da ke shayar da fuska guba.

Lokacin da ya fi haɗari shi ne na dama magani, domin a nan ne ake taɓa shi da ƙarfinsa kafin a tsarma da ruwa. Wanda ba shi da safar hannu ta roba sai ta minti biyar, to ya sa ta a wannan minti biyar ɗin. Sai maganar masheƙiya: a yi feshi da sassafe ko da la'asar sakaliya, lokacin da iska ta kwanta, rana ta yi sanyi, kuma a tsara tafiya yadda iska za ta ɗauke feshin daga jiki, kada mutum ya riƙa kutsawa cikin ganyen da ya jiƙa yanzu. Bakin famfo idan ya toshe, da tsinke mai laushi da ruwa ake buɗe shi. Ba a cin goro ko shan taba ko taɓa abinci sai an wanke hannu da sabulu. Kayan feshi a wanke su daban, kada a haɗa da na yara, kuma a tuna cewa matar da ke wankin ita ma ta shiga da'irar. Jarkar da ta ƙare a ɗauraye ta sau uku, a zuba ɗaurayen a tanki, a huda gindinta. Duk jarkar maganin da ba a huda ba, wata rana za a same ta da man gyaɗa ko ruwan sha a ciki.

Lungun da wuta ke dawowa

Bayan kaka sai haɗarin ya bar gona ya shigo gida. Wake yana da maƙiyi, ƙwaron da ke huda shi ya mayar da buhu gari cikin 'yan watanni, manomi kuwa yana son ya riƙe wakensa har farashi ya tashi. Nan ake ɗauko abu biyu. Na farko ƙwayar da ake kira bom, wadda ake cusawa cikin buhu. Idan ta sha danshin iska sai ta saki iskar fosfin, kowace ƙwaya mai giram 3 tana sakin giram 1. An yi ta ne domin rufaffen sito da ba kowa a ciki, a hannun wanda aka horar. Iskar tana ratsa buhu, tana bi ta tsagar bango da ƙarƙashin ƙofa, kuma ba ta da makari. Idan aka jera buhuna a ɗakin da ake kwana, ko a ɗakin da ke manne da shi, an jefa dunƙulen wuta ne a matsatsen lungu. Yara da ke kwance a tabarma kusa da buhunan su ta fi saurin kamawa.

Na biyu shi ne daikulobos, wanda ake rubuta DDVP a jikin kwalba, shi ne kuma ƙashin bayan abin da muke kira fiya-fiya. Ana yayyafa shi a kan wake, ana kuma fesa shi a ɗaki don sauro a rufe ƙofa a kwanta. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wake daga Najeriya saboda yawan wannan sinadari da aka riƙa samu a cikinsa, fiye da iyakar da ta gindaya ta miligiram 0.01 a kowane kilo. A 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da kantunan kayan masarufi. Turawa sun rufe ƙofarsu sun huta. Waken da suka ƙi karɓa bai ɓace ba, shi ne ƙosai da alale da shinkafa da wake a gidajenmu, har da gidan wanda ya zuba maganin da gidan ni da kai a birni.

Sauya makami

A Dungeons & Dragons akwai mai sihirin da idan ya ƙware yakan iya sassaƙa wutarsa ta tsallake abokansa. Babu kwalbar da ke da wannan baiwa. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce a sa sulke: riga mai dogon hannu, takalmin roba, safar hannu, tabarau, takunkumi. Shawara ce mai kyau, sai dai wanda ya san zafin ƙasar Sakkwato daga Maris zuwa Mayu, lokacin da ma'auni ke haura 40, ya san ba kowa zai jure cikakken sulke a fadama ba. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumar lafiya ta duniya sun amince da haka. A ƙa'idojinsu na sarrafa magungunan ƙwari sun ce maganin da ba a iya amfani da shi sai da kayan kariya masu tsada, ko masu takura, ko masu wuyar samu, a guje masa, musamman ga ƙananan manoma a ƙasashe masu zafi. Wato tambaya ta biyar ta ɗan wasa ita ce ta farko a wurin masana.

Ga wake akwai amsa a hannu. Buhun PICS, wanda ya samo asali daga binciken Larry Murdock na Jami'ar Purdue a Amurka tare da masana a arewacin Kamaru, aka kuma fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma daga 2007, leda biyu ne masu kauri a cikin buhun saƙa. A busar da wake sosai, a zuba, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban. Ƙwarin da ke ciki su ne ke shanye ragowar iskar, su daina ci, su mutu. Ba a zuba komai. Ana ƙera shi a Kano, kuma idan ba a huda shi ba yana yin kaka fiye da ɗaya. Ganga ko jarka mai murfin da iska ba ta shiga ita ma tana yin wannan aiki.

Ga gona kuwa, akwai da'irar da aka zana wa manomi amma ba a koya masa karanta ta ba. A gindin takardar da ke jikin kwalba akwai layi mai launi. Ja yana nufin guba mai tsanani, rawaya matsakaiciya, shuɗi ƙasa da haka, kore mafi sauƙi. Wanda bai iya boko ba ma zai iya riƙe wannan. Takardar tana kuma faɗin kwanakin da za a jira tsakanin feshi da girbi, abin da ya shafi duk mai cin tumatir da albasa da ganye.

Mafi yawan masu karanta wannan wasiƙa ba sa goyon famfo. Amma da yawanmu muna da gona a gida, mu ke tura kuɗin taki da magani daga Sakkwato ko Abuja ko Kaduna, da kuɗinmu ake ɗaukar yaron da zai yi feshin. Mu ke zaɓar makamin, wani ke tsayuwa a cikin da'irar. Wanda ya tura kuɗin jarkar magani yana iya tura na safar hannu da takalmin roba da sabon murfin tanki, kuma yana da bakin cewa a sayi mai shuɗin layi a bar mai ja. Idan aka ce mana tsautsayi ba ya wuce ranarsa, sai mu ce haka ne, amma an umarce mu mu ɗaure raƙumi kafin mu yi tawakkali.

Idan kuma abin ya riga ya faru, a fitar da mutum daga wurin zuwa sarari, a cire masa kayan da suka jiƙe, a wanke jikinsa da ruwa mai yawa da sabulu, ido kuma a yi ta zuba masa ruwa mai tsabta na kimanin minti 15. Kada a sa shi amai, kada a ɗura masa madara ko manja, domin maiƙo yana iya taimaka wa wasu magungunan su shige jiki. A garzaya da shi asibiti mafi kusa, na Tambuwal ko na Kebbe, ba tare da jiran a ga yadda zai kwana ba, domin Sakkwato tana da nisan kusan kilomita 100 daga Tambuwal. A tafi da kwalbar. Gubar oganofosfet tana da makari, allurar aturofin, kuma sunan da ke jikin kwalbar shi zai gaya wa likita ko ita zai ɗauko ko wata hanya zai bi.